Kwanan Tanti a Wikki

Da na gaya wa Hajiyarmu za ni Yankari, kuma a tanti zan kwana, sai ta ajiye carbinta a cinya ta ƙura mini ido. "Kai wannan," in ji ta, don ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari, "mutane na sayar da gonaki don a fito da 'yan'uwansu daga daji, kai kuma za ka biya kuɗi a kai ka?" Na yi 'yar dariya don ban da amsa. A da in an ce mutum ya kwana a daji, to maharbi ne, ko makiyayi, ko falke da dare ya riska kafin ya kai zango. Kakan mahaifinmu ya yi wannan rayuwa da jakuna a hanyar goro, kuma ba a taɓa jin ya kira ta hutu ba. Yau kuwa in ka ji an ce "yana daji", salati ake fara yi. Kalmar ta yi nauyi a bakinmu, har na soma tunanin akwai yaran da za su girma ba su san cewa daji na da wasu mazauna ban da masu bindiga ba.

Ɗan ƙanena na cikinsu. Shekararsa goma sha ɗaya, ya haddace tatsuniyoyin Gizo da kura, ya san giwa a talabijin, amma bai taɓa ganin ko zomo a guje ba. Shi na fake da shi. Mu uku muka tashi daga Kano bayan asuba, a farkon watan Fabrairu, hunturu ya fara saki amma bai tafi ba: ni, da ƙanen nawa a sitiyari, da yaron a baya ya rungume tocila kamar za a ƙwace masa. Muka bi ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, muka shiga Bauchi kafin azahar. Wanda ya ratsa Bauchi bai ci masa ba ya cuci kansa, don haka muka ci, muka kuma sa aka ƙunsa mana wata a leda saboda dare. Wannan ledar ina da magana a kanta nan gaba.

Daga Bauchi hanyar Gombe ake kamawa har Dindima, inda gadar kogin Gongola take, sannan a karya kudu zuwa ƙofar gandun Yankari da ke Mainamaji, cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. A ƙofa aka rubuta sunayenmu da lambar mota, muka biya, aka ɗaga mana shinge. Na ɗauka an iso ke nan. Ashe daga nan zuwa sansanin Wikki akwai sauran kilomita arba'in da 'yan kai, kuma a wannan tsakanin ne mutum ke gane ya bar gari. Gonaki sun ƙare ƙaf. Babu mai babur, babu mai tallan rake, babu ledar da iska ta maƙala a ƙaya. Sai marke da taramniya da baushe da kawo jere hagu da dama, ƙarƙashinsu baƙin toka inda aka ƙone ciyawa tun farkon rani, tsiro kore ya fara leƙowa. Yaron ya tambaya wa ya sa wuta. Daga baya muka ji cewa ma'aikatan gandun da kansu ke yin ƙunar da wuri, ciyawa na da sauran danshi, don kada gobarar bazara ta zo ta cinye har da itatuwa.

Faɗin gandun murabba'in kilomita 2,244 ne. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe shi, aka buɗe wa masu ziyara ranar 1 ga Disamba 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 ya dawo wa jihar Bauchi. Na faɗi waɗannan shekaru ne don abu guda: duk itacen da muka wuce a hanyar nan ya yi shekara sittin da ɗoriya gatari bai zama dokarsa ba. Wanda ya saba da hanyar Kano zuwa Daura, inda kowace bishiya an yi mata aski saboda itacen girki ko abincin awaki, zai ga baƙon abu: itace da rassansa cikakku, wanda ya faɗi kuma an bar shi ya ruɓe inda ya faɗi.

Sansanin Wikki ya fi kama da ƙaramar unguwa. Akwai ɗakunan kwana fiye da ɗari, da wurin cin abinci, da masallaci, da ɗakin ajiye kayan tarihi inda aka jera ƙasusuwa da fatu da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace hannun mafarauta. Da muka ce tanti muka zo da shi, wani dattijo cikin masu gadin dajin ya dube mu daga sama har ƙasa, ya nuna mana wani fili a gefe, ƙarƙashin inuwa, ba nesa da fitilun sansanin ba.

"Malam, kada ku hura wuta a ƙasa," in ji shi. "Kuma abinci, ko ɓawon gyaɗa ne, a mota zai kwana, a kulle. Ba a rufe ba, a kulle."

"To Baba, saboda kura?"

Ya yi murmushi. "Ina ma kura ce. Ita tana da kunya."

Ba mu kai ga kafa turke na uku ba muka fahimci zancensa. Ƙanena ya buɗe bayan mota ya ɗauko guduma, ya juya baya bai fi ƙiftawar ido ba. Wani bika, gwaggon biri ƙato mai gashin wuya kamar zaki, wanda tun ɗazu yake zaune a kan kututture yana sosa ciki kamar bai san da mu ba, ya tako a natse. Bai yi gudu ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya sa hannu ya ture buta, ya ɗaga bargo, ya zaro ledar masa, daidai ita, kamar shi ya ajiye. Ƙanena ya daka masa tsawa. Birin ya ɗaga gira, ya yi hamma, ya nuna mana fiƙoƙi masu tsawon ɗan yatsa, sannan ya koma kututturensa ya kwance ƙullin ledar da yatsu, bai yaga ba. Yana ci yana kallonmu. Ƙananan suka kewaye shi, bai ba kowa ko gutsure ba. Yaron ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. An ce biri ya yi kama da mutum. Ni dai a ranar har na gane da wane mutum ya yi kama, sai dai ba zan faɗa ba saboda zumunci.

Laifin ba nasu ba ne duka. Shekara da shekaru baƙi na jefa musu biskit don su ɗauki hoto, har suka koyi cewa leda na nufin abinci, ƙofar mota kuma tana da mariƙi. Gadu ma ya saba da mutane, sai dai shi ba ruwansa da kowa. Uwa da 'ya'ya huɗu suka zo kusa da tantinmu, suka durƙusa a kan gwiwoyin gaba suna kiwo, haka suke cin ciyawa, da wani abu ya firgita su kuma suka zuba a guje wutsiyoyi a tsaye cak kamar eriyar rediyo.

Da la'asar sakaliya muka gangara matakala zuwa ruwan. Daga ƙarƙashin wani jan dutse yake ɓulɓulowa, ya miƙe tsakanin manyan itatuwa, garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, kuma lita miliyan 21 yake zubarwa kullum zuwa kogin Gaji. An ce mini "wikki" a harshen Dugurawa na nufin "kana ina?". Yaron ya kama kalmar, duk nutson da ya yi in ya ɗago sai ya ƙwala ta.

Magariba a daji ba ta jan ƙafa. Muka yi salla, muka dafa shayi a 'yar tukunyar gas, muka ci burodi da kilishi a cikin mota kamar ɓarayi, gilasai a rufe. Birai sun haye itatuwa, ana jin 'yan koke-kokensu suna neman wurin kwana. Wajen ƙarfe goma hayaniyar baƙi ta mutu. Na ɗaga kai na ga Kaza da 'Ya'yanta, na nuna wa yaron. A unguwarmu hasken fitilu da ƙura sun daɗe da ɓoye ta, rabona da ganinta tun ina almajirin hutu a ƙauyen kakanninmu. Muka shiga tanti, muka ja zif.

Tanti ba ɗaki ba ne, wannan sai ka kwanta za ka sani. Ɗaki na raba ka da waje. Tanti kuwa ido kawai yake rufe maka, ya bar kunne a buɗe, ya kuma ƙara masa kaifi. Tsakaninka da duk abin da ke yawo a daren nan ƙyalle ne wanda bai kai kaurin zanen gado biyu ba. Da farko gyare ne ya cika ko'ina, har ka daina jin sa. Sai yautai ya ɗauka, wani dogon kiɗi mai karkarwa kamar ƙaramin inji. Can nesa mujiya. Ganye guda in ya faɗo kan rufin tantin sai ka ji kamar an jefo tsakuwa. Ƙanena ya yi barci nan take, mutumin da ko a tashar mota yana iya minshari. Yaron ya yi ta tambaya cikin raɗa, "Baffa, mene ne wannan? Baffa, wancan fa?" ina ba shi amsa da ƙarfin hali, rabi sani rabi ƙirƙira, har shi ma ya tafi. Aka bar ni ni kaɗai da kunnuwana.

Sanyi ya sauko bayan sha biyu, irin na ƙasa, wanda ke ratsa tabarma ya kama ƙugu. Wanda zai yi irin wannan kwana ya fi bukatar abin shimfiɗa a kan abin rufa, ni kuwa na yi akasin haka, na zo da barguna biyu da tabarma ɗaya. Na ninka ɗaya na sa a ƙasa. Ina cikin juyi ne wani bika ya yi haushi daga kan itace, "wahu!", sau biyu, sauran suka amsa, sannan tsit. Gyare ma kamar ya ɗan saurara. Dattijon ya gaya mana da rana cewa birai ba sa yin wannan kukan a banza cikin dare, sai sun ga wani abu na wucewa a ƙasa. Na kwanta ina lissafin abin da ke cikin gandun nan: akwai ɓauna, akwai dorina a Gaji, akwai kura, akwai kuma 'yan zakunan da suka rage, waɗanda a duk Nijeriya sai nan da gandun Kainji ake maganar su. Rurin zaki na kai kilomita takwas. Na kasa kunne ina so in ji, ina kuma addu'ar kada in ji.

Wajen ƙarfe biyu abin ya zo. Taku ne a hankali, mai nauyi, busasshen ganye na ƙara a ƙarƙashinsa. Ya tsaya. Ya ƙara matsowa ta gefen da kaina yake. Sai na ji numfashi, dogo, ta hanci, kusa har na rantse ƙyallen tantin ya motsa. Wani wari ya shigo, mai maiƙo, kamar na tsohon buzu da ruwa ya taɓa. Ban san sanda na fara karanta Ayatul Kursiyyu ba, na kuma lura na karanta farkonta sau uku ban kai ƙarshe ba. Tsoro na daji, kunya na gida. Ga ni a daji, don haka ban ji kunyar kowa ba. Tocila na hannun yaron, ya yi barci da ita a ƙirji. Na zare ta a hankali, na ɗan ja zif ɗin tagar da bai fi faɗin tafin hannu ba, sannan na ji wani sauti da ya kwance mini ƙullin ciki: fizgar ciyawa, da tauna. Mai cin nama ba ya tauna haka.

Gwambaza ne. Namiji, tsayinsa ya kai na ɗan maraƙi babba, gashinsa buzu-buzu ruwan toka, ƙahoninsa dogaye masu zobe-zobe sun lanƙwaso gaba. Hasken ya faɗa idonsa ya dawo kore. Ya daina tauna, ya dube ni, ciyawa na reto a gefen bakinsa, kunnuwa a buɗe kamar ludayi biyu. Bayansa akwai mata uku ko huɗu. Mun yi kallon-kallo na ɗan lokaci, sai ya sunkuya ya ci gaba da abin da ya kawo shi. Na kashe tocilar. Na daɗe zaune ina jin su suna kewaya tantin, har takunsu ya yi nisa. Na so in tashe yaron, na kuma fasa, har yau ban tabbata na kyauta ba. Da safe da na ba wa dattijon labari ya ce suna yawan shigowa sansanin da dare, wai sun gane kusa da mutane ya fi musu kwanciyar hankali. Na ce to ni ban sami tawa ba.

Fakara ce ta tashe mu kafin ladan. Sanyi ya sa yatsu sun ƙi lanƙwasuwa, ruwan buta kamar ƙanƙara. Bayan salla muka sake gangarawa Wikki, gari bai gama wayewa ba. Tururi na tashi daga kan ruwan kamar an sauke tukunya, itatuwa sun tsaya cikinsa rabi a ɓoye. Ba kowa sai mu. Na shiga har wuya, duk ciwon ƙugun daren ya narke. In aka ce in zaɓi sa'a guda daga cikin tafiyar, wannan zan ɗauka, ko da an haɗa da wadda ta biyo baya.

Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna muka hau buɗaɗɗiyar motar zagaya daji, dattijon a gaba. Ba a shiga da ƙafa, ba a shiga ba jagora. Da rani ruwa na ƙafewa ko'ina sai kwarin Gaji, don haka dabbobi ke taruwa can, shi ya sa daga Fabrairu zuwa Afrilu ne lokacin gani. Muka ga mazo ya tsaya a inuwa da zanen fari a jikinsa, muka ga garken kanki, da gwanki guda ɗaya can nesa wanda dattijon ya hango tun muna ganin kututture ne. Burtu biyu na tafiyar ƙasaita a gefen hanya. Kada ya shanya baki a kan yashi. Ƙudan tsando kuwa ya yi mana rakiya, cizonsa na ratsa riga. Ni da na sa shuɗiya na fi kowa shan wuya, don launin na jan su. Aka biya da mu kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen dauri suka fafe a jikin dutse suka zauna ciki. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey da wuraren narka tama na da. Dajin nan an zauna cikinsa, an yi ƙira, an yi fatauci, kafin a bar wa namun dawa.

Giwa muka fito nema, kowa ya sani ko bai faɗa ba. Ƙiyasin da ake yi tsakanin 100 ne zuwa 150 suka rage a Yankari, kuma suna cikin garke mafi girma da ya saura a ƙasar nan. Ƙungiyar WCS, wadda ke aiki da gwamnatin Bauchi wajen tsaron gandun, ta ɗaura wa wasunsu abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam don a san inda suke. Dalili kuwa gandun ba shi da katanga. In damina ta yi nisa, dawa da masara suka nuna, giwaye kan fita su shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye, kuma babbar giwa na iya cin kilo 150 a yini.

"Baba, to manomin fa?" na tambaya.

Ya daɗe bai amsa ba. "Ni ma ɗan ƙauyen nan ne, Malam. Na taɓa ganin mutum tsaye a gonarsa da safe, noman shekara guda an tattake a dare ɗaya, yana kuka kamar yaro. Ka je ka ce masa giwa dukiyar ƙasa ce." Ya gyara zaman hularsa. "Na kuma ga giwa an sare mata fuska saboda haure, ɗanta na zagaya gawar. Wata ashirin da biyu take ɗauke da ciki. Duka biyun na gani da idona."

Ba wanda ya ce uffan. Na san akwai abokan aikinsa da suka fita sintiri mafarauta suka harbe su, ban kuwa yi masa wannan tambayar ba. Mu da muka zo kwana ɗaya da tanti da shayi, har muna kiran abin jarumtaka. Su kwana bakwai ko fiye suke yi a ciki da ƙafa, a kan albashin da na ji kunyar tambaya.

Can ya ɗaga hannu, direba ya taka birki. Wata bishiya ce a karye daga tsakiya, ɓawonta a saɓule, farin cikin itacen ko bushewa bai yi ba. A kan hanya ga sawu, zagaye kamar faifai, da 'yan tsage-tsage a ciki irin na tafin hannu. Ya ba yaron izini ya sauko kusa da shi. Yaron ya sa ƙafafunsa biyu cikin sawu guda, da sauran wuri. Gaba kaɗan ga tulin kashi, curi-curi kamar ƙwallo. Dattijon ya tsinke ɗaya da sanda, ya kara bayan hannunsa.

"Da ɗumi. Ba su fi rabin sa'a ba."

Aka kashe mota. Muka yi shiru muna kallon kurmin da sawun ya shige, giginyu sun yi masa rumfa. Giwa duk girmanta tafin ƙafarta na da taushi kamar matashi, garke guda na iya wucewa kusa da kai ba ka ji ba, kuma suna kiran juna da wata murya ta ƙasa-ƙasa da kunnen mutum ba ya kamawa. Sau ɗaya muka ji reshe ya karye, ƙas, can ciki. Muka jira minti ashirin. Ƙudan tsando ya ci rabonsa. Yaron ya matso kunnena ya ce a hankali, "Wikki?" Daga nan ba mu sake jin komai ba, direba ya tada mota.

Mun nannaɗe tanti kafin azahar, bikan jiya na zaune a kan kututturensa yana duba ko za a sake yin sakaci. Zagaye da inda muka kwana duk sawun kofato ne, wani bai fi taku ɗaya daga inda na sa kaina ba. Na nuna wa ƙanena, ya ce shi bai ji komai ba, na ce ai na sani. Mun shiga Kano bayan isha. Hajiya na kan dardumarta, ta amsa gaisuwa, ta shafa kan jikanta, ta duba shi gaba da baya kamar mai ƙirga gaɓoɓi.

"To, kun ga giwar?"

Kafin in buɗe baki yaron ya riga ni. "Hajiya, mun ga kashinta. Da zafinsa!"

Ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauki carbinta.